Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya: a ba likitar ƙauye mai kwana cikinta

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida abokan aikinka na ma'aikata, da fatan wannan takarda ta iske ku lafiya. Ni tsohuwar ungozoma ce, saje-fam kamar yadda ake kiranmu a wurin aiki. Shekara talatin da ɗaya na yi ina karɓar haihuwa a jihar Maradi, goma sha bakwai daga ciki a ƙauye, yanzu na ajiye aiki ina zaune cikin jikokina. Ban taɓa rubuta wa babba takarda ba, in ba ta neman hutu ko ta canjin wurin aiki ba. Wannan kuwa a fili na rubuta ta, don maganar da ke ciki ba tawa ba ce ni kaɗai.

Mu a nan suna ɗaya muke kiran ginin da mutumin da ke cikinsa. Mace ta ce za ta likita, ɗakin magani take nufi. Ta ce likita ya duba ta, tana nufin majo, wato ma'aikacin jinya mai riƙe da wurin, ko ungozoma, ko ma yaron da ke riƙe da ƙaramin ɗakin lafiya na ƙauyensu. Mutanenmu ba su raba biyun ba, kuma da gaskiyarsu, don gini mai kwaɗo a ƙofa bai taɓa sauke wa kowa zazzaɓi ba. Gine-gine kam an yi. Tun shirin musamman na marigayi shugaba Tandja, daga 2001, aka warwatsa ƙananan ɗakunan lafiya cikin ƙauyuka, bayansa aka ƙara cibiyoyin lafiya da suka fi su girma, waɗanda ake kira CSI, aka mai da wasu ƙananan suka zama manya. Abin da har yau muka kasa shi ne samun wanda zai shiga ciki ya zauna, ya ga damina uku ko huɗu a wuri ɗaya, har ya san sunan matan gari da na 'ya'yansu.

Bari in ba ka labarin dare ɗaya.

Wata damina ina aiki a wata CSI can arewa da Dakoro, inda rairayi ke cinye tayar mota. Majo ya tafi taron horo, ni kaɗai ce sai mai gadi. Wajen ƙarfe biyu na dare ya buga mini ƙyaure. Amalanken shanu ne a bakin ƙofa, an shimfiɗa tabarma, bisa kanta yarinya ce da ba ta wuce shekara sha shida ba, cikin fari. Uwarta na tallabe da kanta, mijin na tsaye can gefe da igiyar sa a hannu, kansa a ƙasa. Kwananta uku tana naƙuda. Na sa tocila a baki na riƙe da haƙori, don hannuwana duka biyu ina bukatarsu, na duba. Kan ɗa ya sauko ya tsaya cik, ba gaba ba baya, mafitsara ta cika tam, jikinta zafi rau. Na ɗora kahon saurare bisa cikin, na bi shi lungu-lungu, shiru.

Cikin faɗa na juya wajen uwar, Allah ya yafe mini. Na ce, "Baiwar Allah, me kuka tsaya yi har kwana uku?" Ta ce, "Madam, wallahi ba mu tsaya ba. Tun daren farko muka kai ta likitar garinmu, muka tarar da kwaɗo. Aka ce yaron ya tafi birni bin kuɗinsa, gobe yana dawowa. Goben muka jira."

Yaron nan ba zai iya yi mata aiki ba, horonsa na 'yan watanni ne. Amma abu ɗaya an koya masa ya zauna masa a kai: naƙudar da ta yini ta kwana ba ta gida ba ce, a wuce da ita gaba. Da yana nan zai ce musu "ku ɗaura shanu yanzu", kuma za su ji maganarsa, don shi ne likitansu. Kalma huɗu ce ta rasa mai faɗinta. Ambilans ta iso da hantsi, aka yi mata aiki a asibitin gunduma, ita ta tsira, ɗan ya riga ya koma. Ta tashi da yoyon fitsari, aure ya mutu, ta koma ɗakin uwarta tana kwana a bayan gida don kada a ji warinta. Sai bayan da aka buɗe cibiyar gyaran yoyon fitsari ta Danja a 2012 aka kai ta aka ɗinke. Ta nemo ni har gida da cuku ƙulle a gefen zane, tana godiya, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Na san yaron ɗakin lafiyar nan. Ba malalaci ba ne, kuma ba mai raina talaka ba ne. Wata da watanni kuɗinsa ya maƙale a wani ofishi, ya ci bashin hatsi wajen mai gari har kunya ta hana shi bi ta ƙofar fada, matarsa ta koma gidansu da goyo. Ya rufe ɗaki ya hau motar kasuwa ya tafi neman haƙƙinsa. Da ya dawo ya ji abin da ya faru, kuka ya yi gabana kamar ƙaramin yaro. Kafin kaka ya bar aikin, ya shiga kasuwanci wajen Jibiya.

A taro nakan ji manya suna cewa yaran yanzu ba su da kishin ƙasa, kowa birni yake so. Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na kwana a ɗakin. Yarinya ce aka haifa a Yamai ko cikin garin Maradi, ta gama karatu, aka miƙa mata takarda aka ce ga ƙauyen da za ki. Ta sauka a tasha ranar kasuwa, don ran nan kaɗai mota ke zuwa. Babu gidan ma'aikata, sai a share mata ɗakin ajiyar kaya cikin matarnite, wato gidan haihuwa, bango ɗaya tsakaninta da mai naƙuda. Ruwa sai an saya wajen 'yan garuwa ko ta bi layin rijiya. Rezon waya sai ta hau tudu. Ba ta da ranar hutu, don ita kaɗai ce, dare da rana, Juma'a da Lahadi, azumi da salla. In uwarta ta kwanta ciwo a gida, ko dai ta rufe matarnite ta tafi a zage ta, ko ta zauna zuciyarta na can. In 'yar kwantaragi ce, ba ta da matirkil, wato lambar ma'aikacin gwamnati, ba ta san ranar da za ta zama cikakkiyar ma'aikaciya ba, shekarun da take zubarwa a daji ba ta da tabbacin za a ƙidaya mata su. Kuɗin wata kuma sai ta je birni ta karɓa, ta kashe wani abu a mota, ta bar aiki kwana biyu, wani zubin ta tarar bai sauka ba.

Duk wannan ana iya haƙuri da shi, mu ma mun yi. Abin da ke karya zuciya shi ne rashin sanin ranar fita. An tura ka, an manta da kai. Sa'anka da kuka fito aji ɗaya, don yana da uwa a gindin murhu, bai taɓa kwana inda babu lantarki ba, shi ake kira taron horo, shi ke samun damar ƙarin karatu, bayan shekara biyar shi zai zo da mota ya duba aikinka. Sannan akwai wata mummunar al'ada da kowa ya sani a aikin gwamnati: wanda ya yi laifi a birni, ko ya yi wa babba gardama, sai a ce a jefa shi daji ya ji a jikinsa. Ranar da aka mai da ƙauye wurin horo, an gaya wa kowane matashi cewa zama can alamar faɗuwa ce. An kuma gaya wa mutanen ƙauye cewa wanda birni ya ƙi shi ne rabonsu. Wannan ba ya bukatar ko dala a gyara shi, umarni ne kawai daga bakinka.

Ni ma ban tsaya a daji har ƙarshe ba, gara in faɗa da bakina. Da babbar ɗiyata ta isa shiga kolej, babu a garin, na nemi a dawo da ni, na yi shekara biyu ina bin takardar. Wadda aka tura a madadina wata takwas ta yi, aka ɗaura mata aure, ta bi mijinta. Ba na ganin laifinta. Aikin ungozoma aikin mata ne, matan ƙauye da yawa kuwa gara su haihu a ɗaki da su buɗe jikinsu gaban namiji, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Amma mace tana da miji, mijin yana da aikinsa a birni, dole wata rana ta nemi a kusantar da ita. Shi ya sa za ka shiga matarnite a cikin gari ka tarar da ungozomomi sun yi yawa har ana raba kwanakin gadi, ka yi tafiyar awa biyu ka tarar da CSI da majo namiji shi ke awon ciki, shi ke allurar yara, shi ke karɓar haihuwa, shi ke cika rajista da dare.

Ka san alƙaluma fiye da ni, amma bari in tuna maka nauyin jiharmu. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maradi, Damagaram kaɗai ta fi mu, kuma tun daga nan haihuwa ba ta tsaya ba. Binciken lafiya na 2012 ɗin ya nuna mace a Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a tsakaice, a Maradi kuwa sun haura takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2006 ƙasa na bukatar aƙalla likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi 2.3 ga kowane mutum dubu, a 2016 ta ɗaga ma'aunin zuwa 4.45. Mu ko ɗaya ba mu cika ba, muna cikin ƙasashe 55 da ta lissafa a 2023 a matsayin waɗanda ƙarancin ma'aikata ya fi yi wa katutu. Ɗan abin da muke da shi kuma ya taru a manyan birane. Wajen rabin mutanen ƙasa suna zaune nesa da fiye da kilomita 5 daga CSI. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya ƙare sauro kuma ya yi yawa, zazzaɓi da tamowa kan haɗu a jikin yaro ɗaya, za ka ga uwaye zaune ƙarƙashin bedi tun asuba da yara a cinya, mutum ɗaya ne zai duba su duka.

Ina yaba wa abin da ya cancanci yabo. Tun 2005 da 2006 aka sa aikin fid da ɗa da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka zama kyauta, na ga yadda uwaye suka fara zuwa da wuri. A Agustan 2024 aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, haihuwa ta zama kyauta, talaka ya yi addu'a, ni ma na yi. Sai dai duk sauƙin da aka yi wa mara lafiya, layi ne ke ƙara tsawo a gaban ma'aikaci. In kuɗin da ake mayar wa cibiyoyi na kyautar magani ya yi jinkiri, kamar yadda muka sha gani shekara da shekaru, kantar magani ta bushe, majo ya rubuta takarda a je a saya waje. Uban yaro ya ji a rediyo an ce kyauta ne, wa zai tuhuma? Wanda ke gabansa. An taɓa kirana ɓarauniya a tsakiyar kasuwa a kan maganin da ban taɓa gani da idona ba. Irin wannan ranar ce ke sa ma'aikaci ya koma ɗaki ya fara rubuta takardar neman canji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba mutane muka rasa ba. Ɗiyar ƙanwata ta gama makarantar ungozoma, uwarta ta sayar da tumaki da gonar gado ta biya mata. Shekara huɗu ke nan tana zuwa wata matarnite a cikin gari a matsayin benebol, mai aikin sa kai, tana gadi, tana karɓar haihuwa, ba ta karɓar ko sisi, kuɗin kabu-kabu ma ni ke ba ta. Irinta ba su ƙirguwa a Maradi. Makarantun lafiya na gwamnati a Yamai da Damagaram suna yaye ɗalibai, masu zaman kansu sun cika gari suna yayewa, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maradi tana fitar da likitoci. Ga masu dipulom zaune a gida, ga ɗakunan magani a rufe, tsakaninsu tafiyar yini ɗaya ce. In ƙungiyar waje ta buɗe aiki sai su yi can, don can ana biya kan lokaci. Ƙungiyoyin sun yi mana rana, ba mai musun abin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a yunwar 2005 da kuma a Madarunfa daga baya. Amma mun ga ranar da aka dakatar da aikinta a Maradi a 2008, ma'aikata da yawa suka wayi gari ba aiki, uwaye suka rasa inda za su kai yara. Lafiyar ƙasa ba ta tsayawa bisa tabarmar aro.

To ga roƙona, ranka ya daɗe.

In za a ɗauki ma'aikata, a ɗauke su don gurbi sananne. A rubuta a fili: CSI kaza a gundumar Mayahi tana neman ungozoma, CSI kaza a Bermo tana neman majo na biyu. Wanda ya nema ya san inda ya nema, albashin kuma ya zama na gurbin, in ya tashi ya bar shi nan ga wanda zai gaje shi. A 2011 an yi babban ɗauka, har da ɗaruruwan likitoci, muka ga likita a garuruwan da ba su taɓa gani ba. A je a duba nawa ne suka kai shekara biyar a inda aka fara tura su, amsar za ta nuna inda ramin yake. Sannan a rubuta ranar fita cikin takardar shiga. Shekara uku a wuri mai wuya, bayan nan kana da haƙƙin zaɓar inda za ka koma, kana gaba wajen samun matirkil, kana gaba a konkur na ƙarin karatu. A liƙa jerin sunaye a bango kowa ya gani, don kada a tsallake na daji a ba ɗan gata. Na rantse maka, in matasa suka ga an cika wannan alkawari sau biyu a jere, da kansu za su nemi daji. Mutum na iya ɗaukar kaya mai nauyi in ya san inda zai sauke.

Kuɗin wahala ya bambanta. Wanda ke Tasawa bakin kwalta da wanda ke bayan kwarin Tarka ba wahalarsu ɗaya ba. A biya shi tare da albashi, ranar da aka sani, ta wayar salula ko gidajen aika kuɗi da yanzu suka kai har ƙananan garuruwa, don kada a sake rufe ɗaki a tafi bin kuɗi. Kada kuma a sake karɓar ginin CSI daga hannun ɗan kwangila sai da gidan ma'aikata biyu, mai katanga da makewayi da ƙofa mai kulle, da sola da za ta kunna fitila a ɗakin haihuwa. Ba wani uba da zai bar ɗiyarsa budurwa ta kwana a ɗakin da ba shi da katanga a garin da ba ta san kowa ba, ni ma ba zan bari ba. Kuma a daina tura mutum ɗaya. Biyu su ne mafi ƙaranci, ɗaya ya yi barci ɗaya ya yi gadi, ɗaya ya je jana'izar ubansa ƙofa ta zauna a buɗe.

Amma maganin da ya fi duk waɗannan daɗewa, a ganina, shi ne a horar da 'ya'yan ƙauyen su kansu. Da ɗan gari akan ci gari. A duk shekarun da na yi, waɗanda na ga sun zauna sun tsufa a wurin aiki su ne waɗanda gonar ubansu ke kusa, mijinsu ɗan yankin ne, harshen wurin nasu ne. A arewacin Dakoro da Bermo, mai jin Fulatanci ko Buzanci ya fi ni amfani sau goma, don ni sai da tafinta nake tambayar mace yaushe ta ga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarin da ta fitar a 2010 ta sabunta a 2021, ta tsaya a kan haka: ɗalibin da ya tashi a karkara shi ya fi komawa karkara. Habasha ta bi wannan hanya tun 2003, ta zaɓi 'yan mata daga yankunansu, ta ba su horon shekara guda, ta tura su biyu-biyu da albashin gwamnati, cikin 'yan shekaru suka haura dubu 30. Ga makwabtanmu na Katsina da Jigawa da Zamfara, daga 2012 an gwada ɗauko 'yan matan ƙauye da jarrabawa ta kayar, gari ya tsaya musu, a ba su shekara guda ta share fage kafin su shiga makarantar ungozoma, da sharaɗin su dawo gida su yi aiki. Kuma daga can ɗin akwai darasin abin da ba a so: shirin tura ungozomomi karkara da Najeriya ta fara a 2009 ya yi kyau da farko, da alawus ya riƙa tsayawa, masauki ya gagara, da yawa suka tattara kayansu.

Me zai hana kowace ƙaramar hukuma a jihar Maradi ta ba da 'yan mata biyu ko uku duk shekara, waɗanda suka kai ajin birbe, wato ƙarshen kolej, gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsu da wurin kwana mai tsaro, gurbinsu na jiransu tun kafin su gama? A jihar da ake aurar da yawancin 'yan mata kafin shekara 18, uba zai bar ɗiyarsa ta ci gaba da lakkol in ya ga ɗiyar makwabcinsa ta dawo da farar riga da albashi. A karɓi matan aure ma, har da masu goyo, don matar aure da ke zaune a garin mijinta ba inda za ta. Ɗaliban likita na jami'armu kuma a riƙa kai su Agiye da Gazawa da Dakoro su yi watanni ana koya musu, kada duk koyonsu ya ƙare a manyan asibitocin cikin gari. Wanda bai taɓa ganin yadda ake aiki ba tare da na'ura ba, ranar da aka tura shi tsoro ne zai koro shi.

Akwai yankin da sai an yi masa magana daban. Kudancin Madarunfa da Gidan Rumji, bakin iyaka, inda 'yan bindiga ke ƙetarowa su kore shanu su sace mutane. Can ne dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka sauka tun 2019, har aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Can ne kwalara ta ɓarke a 2018, ta sake dawowa jihar a 2021. Ma'aikacin da ke kwana a wannan yanki da ransa yake aiki. A taƙaita masa wa'adi, a riƙa musanya su, a ba shi hanyar kira in dare ya yi, a kuma rubuta abin da iyalinsa za su samu in wani abu ya same shi. Yanzu da yawa suna yini a can su kwana a gari, ban ga laifinsu ba, amma naƙuda da dare ta fi zuwa.

Na san za a ce kuɗi. Na san ƙasa na cikin matsi, tsaro na cin kaso mai yawa, wasu masu taimako sun janye. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, mu ba mu kai can ba. Amma ana maganar dogaro da kai dare da rana, ni kuwa ban san dogaro da kai da ya wuce a ce ɗiyar Maradi ce ke karɓar haihuwar Maradi da kuɗin Nijar ba. In ba za a iya duka a lokaci ɗaya ba, a fara da gunduma ɗaya, a yi shekara uku, a ƙirga ƙofofi nawa suka zauna a buɗe.

Tunda takardar a fili take, ina da kalma ga wasu. Iyayenmu sarakuna, Sarkin Katsinan Maradi da Sarkin Gobir na Tsibiri da sauran hakimai da masu gari, baƙon da aka turo muku amana ne. A garin da na fi daɗewa, mai gari ya ba ni gona, matansa na aiko mini da fura kullum, ranar da wani ya ɗaga mini murya shi da kansa ya kira shi fada. Shekara bakwai na yi can, da ƙyar na rabu da su. 'Yan'uwana na ƙungiyoyin ƙwadagon ma'aikatan lafiya, SUSAS da SYNPHAMED, ku sa maganar na daji a gaban takardar bukatunku, ku kuma yarda a taɓa 'yan gatan da ke cikinmu. Ku kuma 'ya'yana masu farar riga, na san abin da kuke sha, amma tsawar da kuke yi wa matan ƙauye tana korarsu fiye da nisan hanya. Ni na yi ta sau ɗaya a daren da na ba da labari, har yau tana damuna.

Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. In ka tashi zuwa Maradi, ka zo cikin watan Agusta, kada a sanar. Ka wuce gari, ka sauka daga kwalta, ka shiga CSI ta farko da ka tarar bayan tafiyar awa ɗaya cikin rairayi, ka zauna har dare ya raba. Ka tambayi wanda ka iske yaushe rabonsa da hutu, ina yake kwana, wata nawa yake bi, yaushe aka ce zai tashi. In kana son ɗan rakiya, ƙafata ta yi nauyi amma na san hanyoyin. Ɗiyar ƙanwata kuma ta ce in gaya maka takardunta suna haɗe cikin jaka, in akwai gida mai katanga da abokiyar aiki da ranar dawowa a rubuce, ko ina ne a jihar nan za ta je.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Taka,
tsohuwar ungozoma,
Maradi